Sunana a Layi na Uku

Na daɗe da sanin abin da kuke faɗa a tsakaninku, cewa na taɓa samun damar ɗauko mahaifiyarku ta zauna tare da ni a Doha, na yi wasa da damar. Ba wanda ya taɓa faɗa mini a ido, amma uba yana jin abin da 'ya'yansa suka haɗiye. Ummi kaɗai ta san rabin maganar, ita kuma mun roƙe ta ta yi shiru, ta yi. Ku ƙannenta a lokacin hankalinku bai kai ba. Yanzu da gwiwoyina suka daina ɗaukar doguwar tsayuwa, na ga gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun da sauran tunanina.

A shekarar ina cikin ta tara da zuwa Qatar. Aikina gadi ne a wani dogon bene a West Bay, irin waɗanda idan ka ɗaga kai don ganin ƙarshensu hularka take faɗuwa. Ina tsaye a bayan tebur a bakin shiga daga safe zuwa yamma, ina duba katin masu shigowa, ina rubuta sunan baƙi, sanyin na'ura yana ratsa ƙashina alhali a waje rana tana narka kwalta. Ban taɓa makara ba, ba a taɓa rubuta mini takardar gargaɗi ba. Saboda haka da kamfaninmu ya sami aikin tsaron wata unguwar gidaje a Gharrafa, aka ce ana neman wanda zai shugabanci masu gadin wurin, sai manajanmu ya sa sunana. Mutumin Sudan ne, dattijo mai tabarau, kowa Mudir yake ce masa. Abin da ya sa na ƙwallafa rai a kan muƙamin shi ne wanda ya samu yana da ikon kawo iyalinsa, har da ɗan ɗaki biyu a cikin unguwar. Ranar da na gaya wa mahaifiyarku a waya sai na ji tana dariya ita kaɗai. Kafin mako ya zagayo ta tafi Katsina ta yo fasfo.

Na shiga intabiyu na fito. Mudir ya kira ni ofishinsa ya ce:

"Haladu, khalas, an gama, kai suka zaɓa. Saura bincike, mako shida. Masu gidajen suna da tsantseni, har sunanka za a rubuta a intanet a ga abin da zai fito. Kai ai ba ka da matsala."

Na ce ba ni da ita. Da lokacin cin abincin rana ya yi na sauka ɗakinmu na ƙasa kusa da wurin ajiye motoci, na ɗora shinkafata a cinya, na ce bari in ga abin da za su gani. Ban taɓa neman kaina a intanet ba. Na rubuta sunana da na mahaifina da na garinmu, na danna. Abubuwa suka jero daga sama zuwa ƙasa. Na farko shafina ne na sada zumunta inda nake sa hotuna. Na biyu wani tsohon jerin sunayen ɗalibai ne da bai shafe ni ba. Na uku kuwa kanun labari ne daga wani shafin tsegumi na gida, an rubuta cewa ana neman mutumin da ya karɓe fasfon matasa da sunan zai kai su aiki Qatar ya gudu. Sunana ne cikakke. A gefe ga hotona, wanda na ɗauka ranar Sallah a ƙofar benen, da yunifom da hula da baƙin gilashi.

Na buɗe na karanta, na sake karantawa. Wai mutumin ya kama ɗaki a wani masauki a Tsafe bayan ƙaramar Sallah, ya ce shi wakilin kamfanin tsaro ne daga Doha, samari daga ƙauyuka suka yi ta kawo masa fasfo, rana ɗaya aka wayi gari babu shi. A watan da ake faɗa ina nan tsaye a bayan teburina. Rabona da Najeriya a lokacin shekara ɗaya da rabi. Ko wani ne ya ari sunana don an san ina Qatar, ko sunanmu ne ya zo ɗaya masu shafin suka lalubo hotona suka liƙa, har yau ban sani ba. Shinkafar ta huce a cinyata. Na koma sama na tsaya, duk wanda ya miƙo mini kati sai in ga kamar ya riga ya karanta.

Kwana uku ina buɗe labarin, safe da rana da yamma, kamar mai duba miki. A rana ta huɗu Ishaya ya ritsa ni. Ishaya mutumin Kagoro ne, shi ke kula da kyamarori da wayoyin intanet na benen, matarsa Rifkatu kuma nas ce a wani asibiti. Mu biyu ne kawai masu jin Hausa a wurin, don haka duk safiya sai ya tsaya mun gaisa. Ya ce fuskata ta canza. Na ja shi gefe na nuna masa. Ya karanta, ya yi tsaki, sannan ya tambaye ni sau nawa na buɗe. Na ce ban ƙirga ba.

"Malam Haladu, daga yau kada ka ƙara taɓa shi. Kana buɗewa kamar kana gaya wa na'urar wannan ne abin da ake nema idan an rubuta sunanka. Ka duba inda yake a jerin kawai, ka rufe."

"To ya za a yi a goge shi?"

"Gogewa sai masu shafin. Amma akwai dabara. Abu goma ne ke fitowa a shafin farko, kuma ba kowa ke wucewa zuwa na biyu ba, balle ma'aikacin ofis mai sunaye hamsin a gabansa. Idan muka samu wasu abubuwa masu sunanka suka hau samansa, shi zai yi ta sauka."

Haka muka fara. Na rubuta wa masu shafin har sau uku, da ladabi, na ce sun yi kuskure, ba su amsa ba. Ishaya ya buɗe mini rajista a wani shafin masu neman aiki, ya sa tarihin aikina. Ya sa na yi rubutu a shafin ƙungiyarmu ta 'yan arewa mazauna Doha, ni da ban taɓa rubuta komai ba sai sunan baƙi, na yi bayani a kan yadda sabon zuwa zai kare kansa daga zafin rana. Ya ɗora takardar shaidar kwas ɗin kashe gobara da na yi. Ya gaya mini gaskiya cewa ba shi da tabbas, na'urar ba ta shawara da kowa, kuma tana iya ɗaukar watanni. Ni kuwa mako shida gare ni, har an ci kwana huɗu.

Daga nan rayuwata ta koma ƙirga. Kullum da safe a motar kamfani, kafin mu hango benayen West Bay, sai in fito da waya in rubuta sunana in bi jerin da ido, babban yatsana yana shawagi a sama don kada ya taɓa. Ɗaya, biyu, uku. Mako na farko bai motsa ba. A na biyu ya koma na huɗu, na yi hamdala kamar an yi mini haihuwa, washegari ya dawo na uku. Sai na biyar. Sai na shida, ya kwana biyu a can, ya sake haurowa na huɗu ba tare da wani dalili da na sani ba. Ranar na kasa karyawa. Na riƙa rubuta lambar kowace rana a bayan takardar baƙi ina sakawa a aljihu. Ko a sallah sai in kama zuciyata tana ƙirga, in yi istigfari in dawo. Duk lokacin da wayar tebur ta yi ƙara sai in ce shi ke nan, daga ofis ne, sun gani. Wata rana Mudir ya zo wucewa ya ce mini "Yalla, Haladu, ka kusa," na yi masa murmushin da ni kaina na san bai kai ido ba.

Mahaifiyarku ban gaya mata ba. Kowace Juma'a muna waya, in tambaye ta gida ta ce lafiya lau, ta tambaye ni aiki in ce alhamdulillahi. Na lura ta daina zancen akwati da ɗinkin da take yi na tafiya, amma na ɗauka kawaici ne irin nata. Ni ma murna na yi da ta daina, don duk sanda ta ambaci tafiyar sai in kawo wani zancen.

A mako na biyar, ranar wata Alhamis, na ƙirga har goma ban gan shi ba. Na sake ƙirgawa. Na danna shafi na biyu, ga shi a sama, na goma sha ɗaya. Washegari bayan an sauko daga Juma'a na hau mota zuwa Abu Hamour inda su Ishaya suke, na biya kasuwar kayan lambu na saya musu kankana da lemo. Rifkatu ta yi fate, muka zauna muna ci, ina ta ba ta labarin yadda mijinta ya ceci aikina. Ta saurara har na gama, ta ajiye cokali ta ce:

"Baba Haladu, a nan Doha ke nan. A gida fa? Ni idan na nemi abu a wayata, ƙanwata ta nema a Kafanchan, ba iri ɗaya yake fito mana ba."

Na dubi Ishaya. Ya sunkuyar da kai, ya ce gaskiya ne, jerin yana bin inda mutum yake, shi hankalinsa duk yana kan ofishin nan ne. Ban ƙarasa cin abincin ba. Na kira Ummi, lokacin tana makarantar koyon aikin lafiya amma ta zo hutu gida Funtuwa. Bayan mun gaisa na ce ta rubuta sunana a wayarta ta gaya mini abin da ya fara fitowa. Sai ta ce:

"Baba, ba sai na rubuta ba. Shi ne na ɗaya. Ya fi wata biyu a nan."

Na ji ana karɓar wayar daga hannunta. Mahaifiyarku ce. Muryarta ba ta rawa, kuma wannan ya fi tsorata ni. Ta ce sau uku mutane suna zuwa gidan daga wajen Tsafe, na biyun har da ɗaga murya sai da maƙwabta suka fito. Ta ce ta daina zuwa Islamiyya saboda kallo. Ta ce akwai wani tsoho da 'ya'yansa biyu suka ba da fasfonsu, shi ba ya faɗa, duk ranar kasuwa sai ya zo ya zauna a dakalin ƙofar gidanmu tun hantsi har la'asar, idan an kai masa ruwa ya sha ya yi godiya, ya ce a gaya wa maigidan ya taimaka ya dawo masa da takardun yaransa.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kai me ya sa ba ka gaya mini ba, Malam?"

Sannan ta faɗi sauran. Mai unguwa ya sa ranar Alhamis mai zuwa za a zauna a zaurensa. Ta nuna musu hoton fasfona don su ga ban shigo ƙasar ba, sun ce hoto kowa yana iya haɗawa. Abin da za su yarda da shi takarda ce daga kamfanina mai hatimi da lambar waya, da za ta nuna ina bakin aiki a watan, kuma ba ni da hannu a ɗaukar ma'aikata. In babu, za su kai magana wurin 'yan sanda, kuma tun da ba na nan ita za a kira. Na ce zan samo takardar. Ta ce a wurin wa. Na ce wurin Mudir.

"Kada ka je. Saura kwana nawa a gama binciken?"

"Tara."

"To mun jure wata biyu, kwana tara ne zai gagare mu? In sun kira ni zan je. Ba yanka ni za su yi ba. Ka bari a ba ka aikin tukuna."

Ranar Asabar na tsaya a bayan tebur ina juya maganar. Ta kowace fuska na duba, ita ce da gaskiya a lissafi. A Doha sunana ya wanku, ba wanda zai danna shafi na biyu. In na yi shiru kwana tara, na samu abin da na yi shekara tara ina jira. Amma Alhamis tana gaban kwana taran, kuma duk sanda na rufe ido sai in ga mahaifiyarku zaune a kan benci a ofishin 'yan sanda, da hijabinta, ana rubuta sunanta a littafi, mutanen gari suna leƙe. Matar da tun da na auro ta ko ƙofar kotu ba ta taɓa bi ba. Ishaya ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce ko shi ya rubuta takardar a kwamfutarsa, ya san yadda ta kamfanin take. Na ce masa ana zargina da ƙarya, ba zan wanke kaina da wata ƙaryar ba. Ya koma bakin aikinsa.

Lahadi da safe na nemi wani ya riƙe mini tebur, na tafi ofis. Na ce wa Mudir ina roƙon ya rubuta sunana a kwamfutarsa. Ya dube ni ta saman tabarau, ya rubuta. Ya bi jerin har ƙasa, ga shafin neman aiki, ga rubutuna na zafin rana, ga takardar kashe gobara.

"Masha Allah. Ina matsalar?"

A wannan lokacin ƙofa tana bayana a buɗe. Ina iya cewa ba komai, dama so nake in tabbatar, in yi godiya in fita. Na ce:

"Mudir, danna shafi na biyu."

Ya danna. Na fassara masa kanun da abin da ke ciki, na gaya masa halin da iyalina suke ciki da takardar da nake nema. Ya cire tabarau ya murza idonsa.

"Na san ba kai ba ne, ni nake sa hannu a jadawalin aikinku. Amma ka san tun da na gani dole in sa a fayil ɗinka? Da ba ka nuna mini ba, wallahi ba wanda zai kai nan."

"Na sani."

"Masu gidajen ba za su tsaya tambayar gaskiya ko ƙarya ba, Haladu."

"Na sani, Mudir. A ba ni takardar."

Kafin azahar ya ba ni, da hatimi, da kwafin jadawalin watan gaba ɗaya, ya rubuta lambar wayarsa ta hannu a ƙasa. Ranar Laraba aka sanar cewa an ba wani ɗan Kenya muƙamin Gharrafa. Mutumin kirki ne, na je na yi masa murna.

Alhamis da rana Ishaya ya shigar da ni ɗakin kyamarori ya rufe ƙofa, Ummi ta kira ni ta bidiyo daga zauren mai unguwa. Na ga mutane cike har bakin ƙofa. Wani malamin makaranta ya karanta takardar ya fassara. Aka kira lambar Mudir a gaban kowa, ya ɗauka, ya yi musu bayani da Larabci, limamin unguwa ya mayar da Hausa. Sannan aka miƙa wa tsohon nan wayar, don shi ya taɓa zama da mutumin ido da ido a masaukin. Ya kawo ta dab da fuskarsa har ba na ganin komai sai goshinsa da farar gira.

"Cire hular, ɗana."

Na cire.

"Yi magana in ji."

Na yi masa sallama, na gaishe shi, na tambayi mutanen gida. Ya daɗe yana kallona.

"Ba shi ba ne. Wancan gajere ne, yana da wushirya." Ya juya ya faɗa wa jama'a haka da ƙarfi, na ji zauren ya ɗauki hayaniya. Sai ya dawo da wayar kusa da bakinsa, ya rage murya. "Ka yafe mini zaman da na yi maka a ƙofar gida. To amma kai da kake can, ina zan samo takardun yarana?"

Na ce ban sani ba, Baba. Ya ce to, Allah ya isa, ya miƙa wayar. Ban sake ganinsa ba, kuma ban ji an kama mutumin ba.

Na ƙara shekara shida a bayan wannan tebur. Irin damar ba ta sake zuwa ba, shekaruna kuma suka wuce waɗanda ake nema. Fasfon mahaifiyarku ya ƙare ba a buga masa hatimi ko ɗaya ba. Ta yi wata uku tana amsa mini gaisuwa a taƙaice, kuma ban ga laifinta ba, don ita ta sha kallo da surutu, ita kuma aka hana abin da ta jure dominsa ba tare da an bi shawararta ba.

Kafin in fara wannan rubutu na tambaye ta ko ta yarda in gaya muku. Tana tsince shinkafa a tsakar gida, ba ta ɗago ba.

"Ka rubuta. Amma ka rubuta har da cewa ni har gobe ina ganin da ka jira. Yini ɗaya ne zan yi a wurin 'yan sanda, Malam. Da ko teku na gani."

Na ce mata zan rubuta. Na kuma ce mata ko yau aka mayar da ni ofishin nan, ƙofa a buɗe a bayana, zan ce ya danna shafi na biyu. Ta zubar da tsakuwar da ta tsince a gefe, ta ce ai ta sani.